Ruwan Gashin Masara

Shekara talatin da 'yan kai Iya ta yi tana sayar da kayan yaji a lungun masu kwanuka, kuma duk kasuwar nan in ana zancen wadda ta san ganye da saiwa, ita ake fara ambata. Rumfar ba ta fi taku huɗu ba, amma gwangwanayen da ke jere a cikinta sun haura arba'in: citta, kanumfari, tafarnuwa, kurkum, kirfa, hulba, masoro, ga busasshen gashin masara da take ɗaurewa dami-dami ta rataye a ƙusa. Mace kan zo sayen citta, a ba ta, ta ƙi tafiya, ta tsaya tana murɗa bakin mayafi. Iya ta san wannan tsayuwar sarai. Sai ta ce mata ta zagayo ta baya, ta rage murya ta tambaye ta ko zafi take ji in ta tsuguna, ko kuwa fitsarin ne ke zuwa ɗis-ɗis sai ka ce ana yi mata rowarsa. Daga nan ta haɗa mata ƙulli, ta ɗora da huɗubar da matan unguwa suka haddace: ganye ɗan rakiya ne kawai, ruwa ne mai wankin, a sha har sai an gaji da zaryar bayi.

Dokokinta biyu ne, kuma ba ta taɓa karya su don kowa ba. Wadda abin ya kai ta ga zazzaɓi ko ciwon baya, ba ta Iya ba ce, ta likita ce. Mai ciki kuwa, ko da kuka ta zo, hanyar asibiti za a nuna mata. Wata ta taɓa ce mata mai baƙin hali a kan haka, Iya ta ce ta ji ta kuma gode, a dai tafi asibitin.

To, sai ga Auta.

Auta ita ce ƙaramar 'yarta, shekararta takwas da aure ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. An sha magani, an sha gori, sai da kowa ya fitar da rai sannan Allah ya kawo. Yanzu cikin ya shiga wata na shida. Iya in ta tuna da shi tana cikin awo, sai ta ƙara wa mai saye gyara ba ta ma sani ba. Sai dai cikin ya zo daidai lokacin da mijin Auta, wanda magini ne, ya faɗo daga bene ya karye a ƙugu, wata huɗu ke nan yana kwance sai an juya shi. Abin da ake ci a gidan daga hannun Auta yake fitowa, daga kamfanin sabulu inda take aikin jera sabulu a kwali.

Da yammacin wata Talata ta biyo ta rumfar, ta zauna a kan buhun citta tana murɗa bakin mayafi. Iya ta gane tun kafin a yi magana. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Auta ta faɗa mata: kwana biyar ke nan fitsari na ƙona ta, mararta kuma ta yi nauyi. Iya ta ce gobe da sassafe sai asibiti. Auta ta zaro wata takarda daga jaka, duk ta yamutse, ta ce ai ma'aikaciyar jinya ta riga ta rubuta mata gwaji. Amma ɗakin gwajin daga ƙarfe takwas zuwa sha ɗaya yake karɓar fitsari, ƙofar kamfani kuwa ƙarfe bakwai ake rufe ta. Wadda ba ta shiga ba, sai a ɗauki wata daga cikin matan da ke tsaye a bakin ƙofar kullum safiya suna jiran a rasa mutum. Hutunta Lahadi ne, ranar kuma ɗakin gwaji a rufe yake.

"Iya, ki haɗa mini naki," in ji ta. "Kin yi wa matan duniya, ni ce ba za ki yi wa ba?"

Iya ta yi faɗa, ta yi nasiha, ta kira ta mai taurin kai irin na ubanta. Amma tana faɗan hannunta na kan ƙusar gashin masara. Ta gaya wa zuciyarta kwana uku kawai za ta gwada, in bai yi ba ko a kafaɗa sai ta kai yarinyar asibiti.

Ta yi haɗin da kulawar da ba ta taɓa yi wa na kowa ba. Ta cire hulba, ta cire kirfa, don ba ta yarda da su a jikin mai ciki ba. Ta bar gashin masara da sha'ir da 'yar citta kamar kan yatsa, ta tafasa da asuba, ta tace sau biyu da farin ƙyalle, ta cika babban koren flas ɗin marigayi mijinta. Ƙarfe shida saura kwata Auta ta biyo ta ƙofar gida ta karɓa. Da yamma ta dawo da shi fayau, ko ɗigo babu. Iya ta girgiza flas ɗin kusa da kunne, ta ji daɗi har cikin ranta.

Kwana uku suka zama biyar, biyar suka zama goma. Kullum flas na dawowa babu komai, kullum Auta na cewa da sauƙi, amma ido ba mudu ba ya san kima. Leɓen yarinyar ya bushe har yana tsagewa, idonta ya faɗa, in za ta zauna sai ta ciji leɓe. Iya ta shiga zargin kayanta. Ta ce ko gashin masarar ne ya tsufa, ta bi masu gasa masara a bakin titi tana roƙon ɗanye, suna mata dariya suna tara mata. Ta ƙara sha'ir, ta rage citta, ta sake tukunya. Shekara talatin haɗin nan na yi wa mata aiki, yau a kan 'yarta ya zama ruwan banza.

Abu ɗaya ne ya ɗan sanyaya mata rai. Auta ta roƙi kanumfari cikin tafin hannu, bayan kwana biyu kuma matan kamfanin suka fara biyowa da yamma, kowace kanumfari take nema. Iya ta ɗauka 'yarta ce ke yi mata talla, ta ce wa kanta ashe dai yarinyar ta yarda da maganin. Mai kwanukan da ke maƙwabtaka da ita har tsokanarta yake, wai da kanumfari za ta gina bene, in ta gina kada ta manta da shi a hawa na ƙasa.

Ran kwana na goma sha biyar Auta ta makara wajen gyara mijinta, ta wuce da sauri ba ta tsaya karɓar flas ba. Iya ta kasa zama. Da hantsi ta ja buhu ta rufe gaban rumfar, ta bar wa mai kwanuka amana, ta hau mota da flas a cinya.

Mai gadin kamfanin tsoho ne, ya dubi furfurarta ya bar ta ta shiga har ƙofar ɗakin aikin, ya ce amma kada ta wuce jan layin da aka shata a ƙasa. Daga nan ta hango komai. Dogon ɗaki ne mai rufin kwano, zafi da ƙamshin sabulu sun cika shi har suna hawa kai. Wani bel baƙi yana tafe daga wannan bango zuwa wancan ɗauke da sabulai, mata goma sha biyu ta nan, goma sha biyu ta can, hannuwa na ta kai da kawowa. Wadda ta ɗaga kai na ɗan lokaci, sabulun sai ya wuce ta ya taru a gaban ta kusa da ita. A ƙarshen ɗakin akwai tebur, wata mata na zaune da biro, a bango kusa da kanta an rataye mabuɗi guda ɗaya ɗaure da guntun katako.

Wata doguwar mata ta fito tana tura kwalaye a amalanke, ta ga Iya, ta gane ta, don jiya-jiya ta sayi kanumfari a wurinta. Ta gaishe ta da fara'a, da ta ga flas ɗin kuma sai fara'ar ta ragu. Iya ta ce maganin Auta ne ta manta. Doguwar ta ce gaskiya ɗaya ce, gara ta faɗa mata. A ɗakin nan ba mai shan ruwa daga asuba har a tashi. Bayi ɗaya ne ga mata sittin na kamfanin gaba ɗaya, mabuɗin nan shi ke nan, wadda ta nema fiye da sau ɗaya a yini sai matar teburin, wadda suke kira Agogo, ta sa mata alama. Alama uku a mako, an sallame ki. Hutun tsakar rana minti ashirin ne, kafin layin bayi ya zo kanki an buga ƙararrawa. Shi ya sa suke tsotsar kanumfari, yana tara yawu a baki, yana kashe ƙishirwa. Auta ce ma ta koya musu, Allah ya yi mata albarka, da can ƙwallon dabino suke sawa.

Iya ta tambayi flas ɗin fa, da yake dawo mata babu komai. Doguwar ta nuna mata kwatar da ke bayan rumfar kekuna. Ta ce in an tashi Auta kan kurɓa sau biyu ko uku, ba ta iya shan da yawa saboda tafiyar mota ta awa guda, sauran kuma a can take juyewa, wai don kada ran mahaifiyarta ya ɓaci.

Wallahi da duka aka yi wa Iya da ya fi mata sauƙi. Ta tsallake jan layin ba ta ma lura ba, ta nufi teburin. Agogo ba tsohuwa ba ce, ba kuma ta da muguwar fuska, gajiya ce kawai a tare da ita. Iya ta gaishe ta, ta ce ita ce uwar waccan yarinyar ta huɗu daga bango, ta roƙe ta don Allah don Annabi ta riƙa ba ta mabuɗin ko sau uku a yini, don ba ta da lafiya, kuma ba ita kaɗai ba ce a jikinta. Agogo ta waiga hagu da dama, ta ce Iya ta rufa mata asiri ta daina faɗin wannan kalmar. Ita ta daɗe da ganin cikin, kawar da kai take yi, don in na sama suka sani a ranar za su sallami yarinyar. Gudun bel ba ita ke sa shi ba, daga sama ake murɗa shi, kuma in ta ba mutum ɗaya sai ta ba ashirin da huɗu. Tana maganar Iya ta ji ƙamshin da ke fita daga bakinta. Ita ma kanumfari ne a kumatunta.

Iya ta koma bakin ƙofa ta tsaya tana kallon 'yarta. Auta ba ta gan ta ba. Tana tsaye tana sauya ƙafa, ta dogara kan ta dama, ta koma ta hagu, ta matse cinyoyi, hannuwanta kuwa ba su tsaya ba ko sau ɗaya. Iya ba ta kira ta ba. Ta juya da flas ɗinta cike kamar yadda ta zo da shi.

Da yamma ba a yi dogon faɗa ba, don ba wanda ke da ƙarfinsa. Iya ta ce Auta ta bar aikin, rumfar za ta riƙe gida biyu. Auta ta dubi gwangwanayen kawai, Iya ma ta dube su, maganar ta mutu a nan. Sannan Auta ta faɗi abin da take jira: Juma'ar ƙarshen wata za a liƙa sunayen waɗanda aka mayar ma'aikatan dindindin, wadda ta yi wata shida ba fashi ko na yini ɗaya ita ke shiga. Mai wannan takardar tana da hutun haihuwa, tana da izinin zuwa asibiti. Saura kwana tara. Gaba kura, baya sayaki.

Washegari ta je kemis ta yi wa mai shagon bayani. Mutumin ya saurare ta tsaf, ya ce mai ciki ba ya ba ta komai sai da takardar likita, asibiti za ta. Iya ta ji dokarta a bakin wani, ta juya ta fita. Sai dabara ta zo mata: in Auta ba za ta iya zuwa ba, ai fitsarin zai iya. Ta wanke wata kwalbar yaji da ruwan zafi, ta kai wa Auta da asuba ta yi fitsari a ciki, sannan Iya ta ɗauka ta kai ɗakin gwaji a naɗe cikin leda. Ma'aikacin ya ce ba a karɓa sai a tasu kwalbar, ya miƙo mata wata ƙarama mai jan murfi. Ranar Asabar ce ta biyo baya, ba sa karɓa. Sai Litinin ta samu ta miƙa, aka ce ta dawo Alhamis, don ƙwayar cutar sai an bar ta ta tsiro kafin a san maganinta. A kwanakin nan Iya ta koma dafa haɗin da yamma, ta tsaya a kan Auta ta sha kofi biyu, kofi uku, amma me kofi uku zai yi wa jikin da ya wuni a bushe?

Alhamis da hantsi likita ta karanta takardar, ta ɗago ta tambayi watan cikin, ta tambayi tun yaushe abin ya fara. Da ta ji amsa sai ta ajiye biro, ta ce a kawo mata yarinyar yanzu, ba gobe ba. Iya ta fita tana haɗawa da gudu, da tsufanta da komai. Tun daga nesa ta hango taro a ƙofar kamfanin. Auta ce zaune a kan kwali cikin rana tsaka, an lulluɓe ta da mayafan mutum biyu, haƙoranta na haɗuwa don rawar sanyi, hannunta ɗaya na dafe da bayanta. Da ta ga mahaifiyarta abin da ta fara cewa shi ne saura fa kwana ɗaya.

A asibiti aka sa mata ruwa a hannu, aka yi ta allurai, aka ce cutar ta hau ƙoda. Ma'aikatan sun yi iyakar yinsu, Iya shaida ce. Amma zazzaɓin ya riga ya taɓa cikin. Naƙuda ta taso, aka yi ta ƙoƙarin tsayar da ita, ta ƙi tsayawa. Ranar Juma'a da la'asar Auta ta haifi ɗa namiji, ɗan mitsitsi, da gashinsa da faratansa, komai ya cika sai girma. Bai kai awa guda yana numfashi ba. Iya ce ta karɓe shi a cikin tawul, ta riƙe shi har sai da aka ce ta kawo.

Daga baya likitar ta same ta a baranda, ta tambaye ta abin da yarinyar ta riƙa sha a gida. Iya ta lissafa mata tas, har da yawan cittar, tana jiran a zage ta. So take a zage ta, a nuna ta da yatsa a ce ke ce, ko ta samu inda za ta ajiye abin da ke ƙirjinta. Likitar ta girgiza kai, ta ce babu abin da ya cutar da ita a ciki, bai dai kai inda cutar take ba. Ta ƙara da cewa da an zo a makon farko, ƙwayar kwana bakwai ce. Ta dafa kafaɗar Iya, aka kira ta wani ɗaki, ta tafi.

Asabar da safe zazzaɓin ya sauka. Auta ta farka ta daɗe tana kallon rufi, hannunta a kan cikin da ya saki. Ba ta tambayi ɗan ba, ta riga ta sani. Iya na zaune a gefen gadon tana jira ta yi kuka su yi tare, kukan bai zo ba.

"Iya," in ji ta a hankali, "jibi ki je ki ga Agogo. Ki roƙe ta ta riƙe mini wurina."

Magana ta cika bakin Iya fal. Ta so ta ce wurin da ya ci mata jika, ta so ta ce ko bayan ranta. Sai ta tuna maginin da ke kwance a gida yana jiran maƙwabci ya zo ya juya shi, ta haɗiye duka. Ta gyara wa Auta bargo, ta ce to.

Litinin tun kafin bakwai tana ƙofar kamfanin, a tsakiyar matan da ke jiran a rasa mutum. Wasu 'yan mata ne, wasu sa'o'in Auta, duk idonsu na kan ƙofa, wata har ta matsa mata wai kada tsohuwa ta shige gabanta. Agogo ta fito da takarda a hannu, ta ga Iya, ta jawo ta gefe. Ta yi mata ta'aziyya, idonta ya kawo ruwa. Ta ce sunan Auta bai fito ba, saboda fashin Alhamis da Juma'a, sai dai ta sake ƙirga wata shida daga farko. Wurin kuwa za ta riƙe mata shi zuwa Alhamis mai zuwa, in ta wuce haka ya fi ƙarfinta.

Iya ta durƙusa har ƙasa ta yi mata godiya. Ta sa mata albarka, ta sa wa 'ya'yanta, ta ce Allah ya ƙara girma. Da ta fito ba ta wuce asibiti kai tsaye ba, ta biya ta kasuwa, ta yaye buhun da ke gaban rumfar, ta tsaya tana duban gwangwanayen ɗaya bayan ɗaya, tana neman abin da za ta dafa wa mai jego wanda zai tsayar da ita a kan ƙafafunta kafin Alhamis.